Babi na Shida: Yara Nawa Ne Suka Isa Shaida?

A ƙauye irin Ɗantutture, a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a ce akwai yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan muka ari ma'aunin da bincike ya samu a karkarar Nijar, inda kusan yara 14 cikin dubu ke rasuwa a shekara bayan sun tsallake watan farko na haihuwa, to abin da za a gani a irin wannan ƙauye bai wuce rasuwa ɗaya ko biyu a shekara ba. Wata shekarar ba ko ɗaya, wata shekarar uku. Yanzu a ce an kawo wani magani an raba wa yaran nan kaf, sai bana aka binne yaro ɗaya, alhali bara biyu aka binne. Maganin ne ya yi aiki? Babu likitan da zai iya rantsuwa a kan haka. Mai yiwuwa daminar ce ta zo da ƙarancin sauro, ko gero ya yi kyau, ko ƙyanda ta tsallake garin. Ɗaya da biyu ba su isa shaida ba.

To nawa ne suka isa? Wannan ita ce tambayar da ake fara amsawa kafin a buɗe kwalbar magani ko ɗaya, kuma masanin ƙididdiga ne ke amsa ta. Sai ya san yawan aukuwar abin da ake tsoro idan ba a ba da maganin ba. Sai ya san girman ragin da ake fatan maganin zai kawo. Sannan sai a yanke yawan kasadar da za a ɗauka ta fuska biyu: kasadar a yaba maganin da ba ya aiki, wadda aka saba tsayar da ita a kashi 5 cikin ɗari, da kasadar a watsar da maganin da ke aiki, wadda akan yarda ta kai kashi 10 ko 20 cikin ɗari. Idan aka haɗa waɗannan, adadi ya fito. Mai son ya tabbatar da cewa magani ya sauko da mutuwa daga 14 zuwa 12 cikin dubu, lissafi zai ce masa ya bibiyi yara kimanin dubu 51 na tsawon shekara guda a ɓangaren masu shan maganin, da wasu dubu 51 a ɓangaren da ba su sha ba. Wato ƙauyuka fiye da dubu irin wanda muka kwatanta. Kuma lissafin ba shi da tausayi: idan ragin da ake nema ya zama rabin wancan, daga 14 zuwa 13, yaran da ake buƙata ba ninki biyu za su zama ba, ninki huɗu ne.

Matsalar ita ce biyu daga cikin abubuwan da aka gina lissafin a kansu hasashe ne. Ba wanda ya san haƙiƙanin yara nawa ke mutuwa a gundumar da ba a rajistar mutuwa. Ba wanda ya san girman amfanin maganin, don da an sani da ba a yi gwajin ba. Saboda haka adadin nan da ake rubutawa a kundin tsari, a buga masa hatimi, a nemo kuɗi dominsa, yana tsaye ne a kan zato. Idan zaton ya kuskure ta ƙasa, a gama gwaji babu amsa, an wahalar da mutane a banza. Idan ya kuskure ta sama, a ci gaba da hana wasu yara maganin da tuni ya nuna amfaninsa, ko a ci gaba da ɗura musu wanda tuni ya nuna illarsa.

Mu a arewacin Najeriya mun san ɗacin na farko. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su ceftriaxone. Biyar suka rasu a ɓangaren farko, shida a na biyu. An fi tunawa da wannan gwaji saboda ƙorafin iyaye cewa ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, da shari'ar da ta biyo baya har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Hakan daidai ne. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Biyar da shida, daga yara ɗari-ɗari, ba za su taɓa nuna wane magani ya fi ceton rai ba. A ganina, sa yaro cikin kasada a gwajin da tun farko ba shi da ƙarfin ba da amsa, shi kansa cin amana ne, ko da an cike kowace takardar izini.

Tsohuwar hanyar kauce wa maguɗi ita ce a ƙulle komai: a yanke adadi, a fara, kada kowa ya leƙa sakamako sai an kai ƙarshe. Wanda bai san dalili ba zai ga taurin kai ne kawai. Me zai hana a riƙa dubawa kowane wata, da an ga maganin ya yi gaba a tsaya? Dalilin kamar wasan ƙwallo ne da aka miƙa usur ga mai ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, aka ce ya busa tashi duk lokacin da ya ga dama. Ko da ƙarfinsu ɗaya, zai jira sa'ar da nasa suka jefa ƙwallo ya busa, kuma a rubuta shi ne ya ci. Sakamakon gwaji ma hawa da sauka yake yi kafin ya daidaita, kuma mai yawan leƙe zai ci karo da wani lokaci da katari ya ɗaga maganin sama. Peter Armitage da abokan aikinsa sun lissafa abin a 1969. Wanda ya leƙa sau biyar, yana shirin tsayawa da zarar ya ga abin da yake so, kasadar yaba maganin banza ta tashi daga kashi 5 zuwa kusan 14 cikin ɗari. Wanda ya leƙa sau goma, ta kusa 20.

Maganin wannan bai zama hana leƙe ba, sai dai sa masa farashi. A 1977 Stuart Pocock ya fitar da ƙa'ida, a 1979 Peter O'Brien da Thomas Fleming suka fitar da tasu, wadda ta fi karɓuwa. Kashi 5 ɗin nan ake ɗauka a rarraba a kan leƙen da za a yi. A tsarin O'Brien da Fleming na leƙe biyar, ba a tsayar da gwaji a leƙen farko sai bambancin ya yi girman da katari ba zai kawo irinsa ba sai kamar sau ɗaya cikin dubu ɗari. Da tafiya ta yi nisa sai shingen ya riƙa sauka, har a leƙen ƙarshe ya tsaya kusa da kashi 4. Kuma masu gwajin ba su ne ke leƙen ba. Akwai kwamitin sa ido na daban, likitoci da masana ƙididdiga waɗanda ba su da rabo a nasarar maganin, su kaɗai ke ganin wane ɓangare ne ke gaba. Abin da suke aika wa masu gwajin gajere ne: ku ci gaba, ko ku tsaya.

Daga nan aka gina abin da nake kira gwaji mai sauya taku, wato gwajin da tun kafin a fara shi aka rubuta waɗanne abubuwa za a iya canzawa a tsakiyar tafiya, da sharaɗin canzawar, da wanda zai yanke hukunci. Mafi sauƙinsa an yi shi a ƙofar gidanmu. Madarumfa, a jihar Maraɗi, tana hayin iyaka ne daga Jibiya. A can, daga 2014, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike Epicentre, tare da hukumomin lafiyar Nijar, suka gwada rigakafin ƙwayar rota mai haddasa gudawar jarirai, wanda kamfanin Serum na Indiya ya yi, mai jure zafi ba sai an dogara da firji ba. Maimakon su rataya komai a kan yawan jarirai, sai suka rataya shi a kan yawan cutar: za a buɗe lissafi idan an samu jarirai 117 da suka yi gudawa mai tsanani ta rota. Hikimar ita ce ƙarfin shaida a irin wannan gwaji daga waɗanda suka kamu yake fitowa, ba daga waɗanda aka rubuta sunayensu ba. Idan cutar ta fi yawa fiye da zato, a kai ga adadin da wuri. Idan ta yi ƙaranci, a ci gaba da ɗiba. Gwajin da kansa yake gyara kuskuren hasashe, ba tare da kowa ya san wane jariri ya sha na gaske ba. Da aka buɗe, cikin jarirai 3,508, an samu 31 a ɓangaren rigakafi, 87 a ɓangaren maganin wofi, wato mai kama da rigakafin amma babu rigakafi a cikinsa. Kariyar ta kama kashi 66.7 cikin ɗari, aka wallafa a 2017.

Gwajin da ya fi nuna amfanin abin, a wurina, shi ne wanda ake kira FEAST, da aka yi a asibitoci a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ƙarƙashin jagorancin Kathryn Maitland. Tambayarsa a kan ƙarin ruwa ce. Yaro ya zo da zazzaɓi mai tsanani, jiki ya saki, jini ba ya zagayawa sosai. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da ɗauka cewa a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Masu gwajin sun yi imani hakan zai ceci yaran Afirka, abin da suke nema kawai shaida ce. Sun tsara ɗibar yara kimanin 2,800, bisa zaton cewa 15 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ɗurin gaggawa ba za su rasu. Da aka yi nisa, sai aka ga mutuwa a jimlace ba ta kai yadda aka zata ba. Labari ne mai daɗi ga iyaye, amma yana nufin adadin farko ba zai isa ba. A 2010 aka ƙara shi zuwa 3,600. A lura da irin wannan ƙari: jimlar mutuwa aka duba, ba a raba ta ɓangare-ɓangare ba, don haka bai buɗe ƙofar son rai ba, kuma kusan bai taɓa kashi 5 ɗin nan ba.

Ba a kai 3,600 ɗin ba. A watan Janairun 2011 kwamitin sa ido ya ce a tsaya. Cikin yara 3,141, waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawa sun rasu da kashi 10.5 cikin ɗari a kwana biyun farko, waɗanda ba a yi wa ba kashi 7.3. Abin da kowa ya ɗauka ceto ne, ashe yana ƙara kashe yara uku a kowane ɗari. Gwaji guda ya sauya taku sau biyu, ya faɗaɗa lokacin da shaida ta yi ƙaranci, ya tsaya lokacin da ta isa. Da an ƙulle shi a kan adadin farko, mai yiwuwa a ƙare da sakamako mai rawa wanda ba zai iya ture al'adar da ta kafu ba. Da kuma babu mai leƙe, da an ci gaba da ɗura wa wasu ɗaruruwan yara.

Akwai ƙarin da ya fi wannan haɗari, wanda ake yi bayan an ga bambanci tsakanin ɓangarorin: maganin ya nuna alama amma bai kai ba, sai a ƙaro mutane. Ana iya yin sa da gaskiya, amma sai an rubuta ƙa'idar tun farko an kuma gyara lissafin ƙarshe, kuma yana da wani lahani da lissafi ba ya gyarawa. Duk wanda ya ji an ƙara adadi zai iya cankar abin da kwamiti ya gani. Akwai kuma tsayawa don babu alamar ci. A Kano da Kaduna an yi gwajin SPRING a kan yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ana kwatanta ƙaramin awo na maganin hydroxyurea da matsakaici. Uku suka samu shanyewar a ɓangaren ƙaramin awo, biyar a ɗayan, aka tsayar da gwajin kafin wa'adi don ci gaba ba zai nuna fifikon matsakaicin ba.

Duk waɗannan yawan mutane suke taɓawa. Akwai nau'in da ke taɓa ƙuri'ar da ake jefawa don yanke ɓangaren da kowa zai faɗa, kuma ɗaya daga cikin manyan misalansa a duniya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta aka yi shi.

Asalin labarin daga ciwon ido ne. Ana raba maganin azithromycin gari-gari don yaƙi da amosanin ido, sai masu bincike a Habasha suka lura cewa yara sun rage mutuwa a garuruwan da aka raba. Wannan ya haifar da gwajin MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, garuruwa 1,533, inda ake ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin sau biyu a shekara, ko kuma maganin wofi mai kama da shi. A nan gari ake jefa wa ƙuri'a, ba yaro ba. Sakamakon 2018 ya nuna ragin mutuwa na kashi 13.5 cikin ɗari a jimlace, amma a Nijar, a jihar Doso, ya kai 18.1, alhali a Malawi 5.7 ne, a Tanzaniya 3.4. Murna ta zo da fargaba, domin raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ga yara masu lafiya yana koya wa ƙwayoyin jure magani, kuma an ga alamar hakan a garuruwan Nijar. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai taka-tsantsan: a yi tunanin rabawa a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, amma ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kaɗai. Sai dai babu gwajin da ya taɓa auna ba wa jarirai su kaɗai. Shawarar ta tsaya ne a kan zato.

Gwajin AVENIR ya zo don auna zaton. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, irin su Kieran O'Brien da Thomas Lietman, tare da Ahmed Arzika da abokan aikinsa na Nijar da ma'aikatar lafiyar ƙasar, suka ɗauki garuruwa 3,000 a jihohin Doso da Tawa daga ƙarshen 2020 zuwa tsakiyar 2023. Ɓangare uku aka yi: garuruwan da duk yara 'yan wata 1 zuwa 59 ke shan maganin, garuruwan da jarirai kaɗai ke sha, manya su sha na wofi, da garuruwan da kowa na wofi yake sha. Ba a shigar da garuruwan rana ɗaya ba, rukuni-rukuni aka bi. Na farko an raba su daidai wa daida. Da bayanan mutuwa suka fara shigowa, sai aka riƙa lissafa yiwuwar kowane ɓangare ya zama shi ne mafi alheri, a karkata ƙuri'ar rukunin gaba zuwa gare shi. Ƙuri'a ce har yanzu, babu mai zaɓar wa gari ɓangare, amma ta yi nauyi ta gefe ɗaya. Tunanin tsoho ne. William Thompson ya rubuta shi tun 1933, yana neman hanyar rage yawan majinyatan da ke faɗawa ɓangaren da ya fi rauni. Abin da aka yi amfani da shi a Nijar sassautaccen nau'insa ne, don kada karkatar ta yi yawa.

A ƙarshen tafiya garuruwa 1,273 suka faɗa ɓangaren duk yara, 954 ɓangaren wofi, 773 ɓangaren jarirai. Da an raba daidai, da dubu-dubu ne. Wato garuruwa 273 sun samu cikakken rabon magani waɗanda da ba su samu ba, tun gwajin bai ƙare ba. An bibiyi yara 382,586, an rubuta rasuwa 5,503. A garuruwan da duk yara suka sha, mutuwa ta kasance 11.9 cikin dubu a shekara, a na wofi 13.9, ragin kashi 14 cikin ɗari, kuma shaidar ta yi ƙarfi. A ɓangaren jarirai kaɗai, ragin da aka gani kashi 6 ne, amma iyakar tabbacinsa ta faro daga ƙarin mutuwa na kashi 8 ta kai ragin kashi 19. Wannan ba amsa ba ce ta e ko a'a.

Ina jinjina wa wannan aiki, kuma ba na ganin an yi kuskure da aka karkata ƙuri'ar. Amma kada a ɓoye farashinsa. Tambayar da shawarar 2020 ta rataya a kanta ita ce ta jarirai kaɗai, kuma ɓangarenta ne ya tashi da mafi ƙarancin garuruwa. Ba na cewa da an ba shi dubu cif da amsar ta fito, don jarirai kaɗan ne a kowane gari, kuma ragin kashi 6 yana buƙatar adadi mai ban tsoro. Abin da nake cewa shi ne duk garin da aka ƙara wa ɓangaren da ke gaba, daga wani ɓangaren aka cire shi, kuma a lissafi rabon daidai ne ya fi ba da shaida mai kaifi idan abu biyu ake kwatantawa. Ana sayen alheri ga waɗanda ke cikin gwajin da ɗan ragin tabbaci ga miliyoyin da ke waje suna jiran hukunci. Wani lokaci cinikin ya dace. Ba kullum ba.

An taɓa ganin inda ya ɓaci. A 1985 Robert Bartlett da abokansa a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka wallafa gwajin wata na'ura da ke fitar da jinin jariri ta sa masa iska ta mayar, ga jariran da huhunsu ya gaza. Sun yi amfani da ƙuri'a mai karkata da sauri. Jariri na farko ya faɗa ɓangaren na'ura ya rayu. Na biyu ya faɗa ɓangaren tsohuwar kulawa ya rasu. Daga nan ƙuri'a ta kife, goma da suka biyo baya duk na'ura, duk suka rayu. Sha ɗaya da ɗaya. Likitoci da yawa suka ƙi gamsuwa, kuma suna da hujja, don jariri ɗaya ba ma'auni ba ne. Sai da Birtaniya ta yi nata gwajin da ƙuri'ar daidai a kan jarirai 185, aka wallafa a 1996: 30 cikin 93 suka rasu a ɓangaren na'ura, 54 cikin 92 a ɗayan. Na'urar tana aiki tun farko. Gaggawar tausayi ce ta jinkirta yarda da ita shekara goma sha ɗaya.

Akwai wani tarko kuma da ya fi shafar ƙasarmu, shi ne lokaci. Duk wanda ya zauna a karkarar Katsina ya san watannin Agusta da Satumba ba ɗaya suke da Janairu ba. Sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, yara suna ta zazzaɓi da tamowa. Idan ƙuri'a ta karkata a tsakiyar tafiya, ɓangaren da aka fifita zai cika da garuruwan da suka shigo daga baya, ɗayan kuma da na farko. To idan shekarar baya ta zo da yalwa, ko aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, ko tsaro ya ɗan inganta, sai a jingina wa magani abin da lokaci ya yi. Dole a kwatanta kowane gari da garuruwan da suka shigo tare da shi, kuma dole a rubuta yadda za a yi hakan tun kafin a san wa ke gaba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2019 kan irin waɗannan gwaje-gwaje, a kan wannan ta fi nanatawa: canjin da aka tsara tun farko ne ake karɓa, kuma a nuna, ta lissafi ko ta gwada tsarin sau dubbai a kwamfuta, cewa kasadar yaba maganin banza ba ta ƙaru ba.

Wannan magana ta iso gida. Najeriya ta fara nata rabon azithromycin ƙarƙashin shirin SARMAAN, wanda ya soma a jihohi irin su Kano da Jigawa da Kebbi da Sakkwato yana auna lafiyar maganin da juriyar ƙwayoyin cuta. Tambayoyin da suka rage, kamar shekara nawa za a yi ana rabawa, da lokacin da illar juriya za ta rinjayi amfanin, ba za a amsa su da gwaji ɗaya mai ƙullallen adadi ba. Za a buƙaci gwaji mai sauya taku, kuma ina son a ce waɗanda za su rubuta ƙa'idojin sauyin, su zauna a kwamitin sa ido, akwai 'ya'yanmu a cikinsu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Bayero da Ahmadu Bello duk suna yaye ɗaliban lissafi, amma yawancinsu ba a taɓa gaya musu cewa akwai aikin da iliminsu ke yanke ranar da za a daina ba yaro maganin wofi ba. Muddin mu ne ke kawo yara wasu ke kawo lissafi, raɗe-raɗin da ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003 zai ci gaba da samun masu saurare.

Kafin wannan ma akwai aikin ƙafa. Ƙuri'ar Nijar ta iya karkata ne saboda akwai ma'aikata da ke bin gida-gida duk bayan kimanin wata shida, da waya a hannu, suna kiran sunan kowane yaro da aka rubuta a zagayen baya, suna tambaya yana nan, ya ƙaura, ko ya rasu. Gwajin da aka ƙulle yana iya haƙuri da bayanan da suka makara, don sai a ƙarshe zai buƙace su. Mai sauya taku ba zai iya ba, domin abin da aka rubuta yau shi ke yanke rabon garuruwan gobe. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, inda 'yan bindiga suka tashi wasu ƙauyuka, iyalai suka watsu zuwa cikin gari, yaron da ba a samu a gida ba yana iya kasancewa a wurin kakarsa a Katsina, yana kuma iya kasancewa ya rasu a hanya. Idan garuruwan da suka fi shan wahala su ne ba a iya komawa cikinsu, mace-macensu ba za su shiga lissafi ba, kuma ƙuri'ar za ta karkata ne bisa labarin garuruwan da ke bakin kwalta. Duk wanda zai tsara irin wannan gwaji a tsakiyar Katsina, kasafinsa na farko ya kamata ya tafi ga masu unguwanni da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauye waɗanda suka san inda kowane gida ya koma, da kuma ƙa'idar da za a bi idan gari ya gagara shiga a zagaye na biyu ko na uku.